ZUCIYA DA AIKINTA A JIKIN ƊAN ADAM
Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya a Potiskum

An nemi mu yi bayani a kan zuciya. Wadda muke nufi yau ita ce tsokar nan da ke bugawa a ƙirjin kowa, don mu san yadda take, da aikinta, da abin da ke gajiyar da ita.

Mu da muke zaune a garin kara ba sai an yi mana dogon zane ba. Mahautan da ke cikinmu kullum suna riƙe zuciyar saniya a hannu, kuma tsarinta ɗaya ne da na mutum, girma kawai ta fi ta. Tamu kamar dunƙulen hannun mai ita take, nauyinta wajen giram 300. Tana zaune tsakanin huhu biyu, ta ɗan karkata hagu. In aka tsaga ta za a ga ɗakuna huɗu, biyu a sama masu karɓar jini, biyu a ƙasa masu tura shi.

To yaya take aiki? Jinin da ya gama zaga jiki yakan dawo ɓangaren dama, iskar da ke cikinsa ta ragu. Sai dama ta tura shi huhu ya ɗebo sabuwar iska. Daga huhu ya shigo ɓangaren hagu, hagu kuma ta harba shi ko'ina, tun daga ƙwaƙwalwa har yatsun ƙafa. Shi ya sa naman ɗakin ƙasa na hagu ya fi kauri, domin shi ne mai aika kaya nesa. Akwai kuma ƙofofi huɗu da ke buɗewa gaba kawai, su hana jini komawa baya. Ƙarar rufewarsu ce likita ke saurara in ya ɗora abin aunawarsa a ƙirji. Wannan zagaye ta huhu, Ibn al-Nafis, likitan da ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya fara bayyana shi, kafin William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jini baki ɗaya a 1628.

In babba yana hutawa, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, wato wajen sau 100,000 a rana. Tana tura jini kimanin lita 5 a minti, sama da lita 7,000 ke nan a kwana guda. Ku lissafa, duro 35 ne mai cin lita 200! Direbobinmu na tirela sukan kashe mota a tasha inji ya huce. Wannan inji kuwa ba a kashe shi, tun mutum yana cikin uwarsa har ranar da kwana ya ƙare.

Yanzu bari mu zo kan abubuwa uku da ke lalata ta a gidajenmu.

Na farko hawan jini. In jini ya hau, zuciya na turawa da ƙarfin da ya wuce kima, shekara da shekaru, har namanta ya yi kauri, daga baya ya saki. Sai ka ga mutum yana haki, ƙafa ta kumbura, in ya kwanta numfashi ya gagara. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fa hawan jini ba ya nunawa a fuska. Mutum na ciniki garau, rana ɗaya ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi. Awo kaɗai ke tona shi. In awo yana kai 140 bisa 90 ko fiye, a ga likita, kuma kada a ajiye magani don an ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokali guda ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire.

Na biyu ciwon maƙogwaron yara. Akwai wata ƙwayar cuta mai kawo shi tare da zazzaɓi. In ba a kashe ta da magani irin su fenisilin ba, bayan 'yan makonni gaɓoɓin yaro na iya kumbura, ƙofofin zuciyar nan su lalace, ya girma da ciwon. Cire beli a wurin wanzami ba ya kashe wannan cuta. A kai yaro asibiti.

Na uku ya shafi masu jego. Tun wajen shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura cewa mata da yawa zuciyarsu na kasawa bayan haihuwa. Suka ɗora zargi a kan yawan kunun kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya, musamman a Kano, ya nuna ciwon na kama har waɗanda ba su yi wannan al'ada ba, kuma rashin abinci mai gina jiki da hawan jini lokacin ciki suna da hannu. Duk da haka kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Don Allah iyayenmu mata, a sassauta hannu. Mai jegon da ke haki, ko tari in ta kwanta, ko kumburin ƙafa, kada a jira arba'in, a kai ta asibiti ran nan.

Daga ƙarshe ga roƙonmu ga shugabanni. A ciri wani abu daga kuɗin ƙungiya a sayi na'urar awon jini, a samu ma'aikacin lafiya cikin 'ya'yanmu ya riƙa auna kowa a ranar taro, maza da mata. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya da maƙwabtanmu, amin.