Tagwayen Jos da Matan da Suka Riƙe Kiɗan Rok



An ba ni batu mai faɗi, wato waɗanne mata ne suka fi shahara a tarihin kiɗan rok. Mujallun Amurka da Ingila sun sha jera irin waɗannan sunaye, kuma kusan kullum mutanen nan ne dai: Janis Joplin, Tina Turner, Patti Smith, Stevie Nicks, Joan Jett. Dukansu sun ci sunansu. Abin da ya kawo ni gabanku shi ne in ƙara sunaye biyu a wannan sahu, na wasu tagwaye da aka yanke wa cibi a garin nan namu na Jos.

Kafin in kai gare su, bari mu duba tushen kiɗan. Yawancinmu mun ɗauka rok sana'ar samarin Turawa ce masu dogon gashi. To, tun Elvis Presley yana yaro, akwai wata baƙar fatar Amurka, Sister Rosetta Tharpe, haifaffiyar jihar Arkansas a 1915, da ke rera waƙoƙin coci tana kaɗa jita da wani irin zafin hannu da ba a saba ji ba. Akwai hoton bidiyonta na 1964 da nake so kowane ɗalibi a zauren nan ya nema ya kalla. A wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce a Manchesta, an tafka ruwan sama, dandamali ya jiƙe sharkaf. Ga ta nan ta sauko daga keken doki, mace mai kusan shekara 50, da doguwar kwat da takalmi mai tsini, ta rataya jitar lantarki, ta fuskanci samarin Ingila da ke zaune a ɗaya gefen layin dogo. Da ta taɓa tsirkiya, sai wurin ya ɗauka. Ta rasu a 1973, kabarinta a Filadelfiya ya yi shekaru babu ko alama a kansa, kuma sai a 2018 aka shigar da sunanta zauren karrama gwanayen rok na Amurka. Haka ma Big Mama Thornton: ita ta fara yin waƙar Hound Dog a 1952, amma da Elvis ya maimaita ta a 1956 sai suna da kuɗi suka bi shi. Shi kansa zauren karramawar, da ya fara zaɓe a 1986 babu mace ko ɗaya. Sai a 1987 Aretha Franklin ta buɗe ƙofa.

Kun ga ke nan ko a can inda kiɗan ya tsiro, mace ce ke nomawa, wani ya zo ya girbe.

Yanzu mu dawo gida. A 1948 aka haifi Taiwo da Kehinde Lijadu a Jos. Ku tuna yadda garin yake a lokacin: haƙar kuza ta jawo mutane daga ko'ina, jirgin ƙasa na sauke Yarabawa da Ibo da Hausawa da Turawa, suna zaune tare da Berom da Afizere da Anaguta. Cikin wannan cakuɗa aka haife su. A Ibadan suka girma, kuma dangin Fela Kuti ne. Wani zai ce ai ke nan ba 'yan Jos ba ne. Ni kuwa na lura idan za mu yi alfahari da mawaƙan garin nan, ba ma tambayar asalin kowa. Muna kiran Ɗan Maraya da kuntiginsa, Allah ya jiƙansa, muna kiran P-Square, da M.I, da Ice Prince, da Panam Percy Paul, duk mu ce namu ne. Ku sake duba jerin, duka maza ne. Tagwayen P-Square kowane yaro a Terminus ta garin nan ya san su, amma tagwayen da suka riga su da shekara talatin, mutum nawa ne a nan ya taɓa jin muryarsu?

Ga abin da suka yi. A farkon shekarun 1970 Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, wanda ake sawa cikin manyan makaɗan rok na duniya, ya tare a Legas. Ya kafa wata ƙungiya mai suna Salt, ya ɗauki tagwayen nan su yi waƙa a cikinta, suka je har Munich ta Jamus suka yi wasa lokacin gasar Olamfik ta 1972. Suna da shekara 24 ko ƙasa da haka. Bayan sun dawo suka tsaya da ƙafarsu, suka fitar da faifai huɗu a jere ƙarƙashin tambarin Afrodisia: Danger a 1976, Mother Africa a 1977, Sunshine a 1978, sai Horizon Unlimited a 1979.

Faifan Danger shi ne hujjata. Ya fito a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Filato, shekarar da aka kashe Janar Murtala, kuɗin mai na yawo a hannun 'yan ƙalilan. Idan ka ɗora shi, jitar Biddy Wright ce ke fara tarbarka, da ƙara mai kaushi kamar ana yage sabon ƙyalle, sannan muryoyi biyu su shigo tare, a manne, har ba ka iya raba ta Taiwo da ta Kehinde. Su suke rubuta waƙoƙinsu, da Ingilishi da Yarabanci. A waƙar Cashing In manyan ƙasa suka fuskanta kai tsaye, masu holewa alhali talaka na fama. Muna yaba wa Fela da irin wannan ƙarfin hali, kuma ya cancanta. Amma Fela namiji ne, da gidansa da rundunar makaɗansa. Su kuwa mata biyu ne a kasuwar da maza ke riƙe da kamfani da ɗakin ɗaukar sauti da jakar kuɗi. A fim ɗin Konkombe da Jeremy Marre ya yi a 1979 kan kiɗan Nijeriya, za ku gan su suna faɗin wannan matsin da bakinsu.

Daga baya suka koma New York da zama. Kehinde ta yi mummunar faɗuwa da ta taɓa mata ƙashin baya, suka yi shekaru ba a jin ɗuriyarsu. Kamfanin Knitting Factory na Amurka ne ya sake fitar da faifan nan huɗu daga 2011, kafin Kehinde ta rasu a Nuwamban 2019. Abin da ke ci mini rai shi ne, sai da baƙi suka tono su kafin mu waiga. Ko Ayra Starr da yaranmu ke saurare, a waƙarta Sare ta ɗebo daga Orere Elejigbo ta tagwayen nan, amma yawancin masu rawa ba su san rijiyar da aka ɗebo ruwan ba.

Iyayena mata, na san wasunku na cewa a zuci, mu ina ruwanmu da jita, mu da muka tashi da kiɗan ƙwarya? Ruwanku ne. Amada ba rok ba ce, kuma ba zan laƙaba mata sunan da ba nata ba. Amma ku tuna Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da Uwaliya Mai Amada a Kano. Ƙore a kife, wasu a kan ruwa, 'yan amshi a bayanta, zauren biki cike da mata, Barmani na gaya musu su kama sana'a, tana taɓo zancen kishiya da haihuwa da jikin mace, abubuwan da ake faɗa a ɗaka ƙasa-ƙasa, ita ta ɗaga murya ta faɗe su. An zage ta, an ce ta cika baki, kuma har yau akwai gidajen da in yarinya ta ce waƙa za ta yi sai a ga kamar ta lalace. Wannan tsangwamar ita ce Rosetta Tharpe ta sha daga wasu mutanen coci da ta kai waƙoƙin ibada gidajen rawa.

Kuma zancen bai tsaya a jiya ba. A ƙauyen Illighadad da ke yankin Tawa a Nijar, wata Buzuwa, Fatou Seidi Ghali, ta koya wa kanta jita da ta yayanta. A al'adarsu jita ta maza ce, mata kuwa nasu tende ne, turmi da aka ɗaure wa fatar akuya a baki. Ita ta haɗa biyun. Ƙungiyarta, Les Filles de Illighadad, ta fitar da faifan farko a 2016, ta kuma zaga Turai da Amurka. Wannan maƙwabciyarmu ce, daga Tawa zuwa Sakkwato ba wata tafiya ba ce.

Don haka idan an tambaye ni jerin gwanaye, Rosetta Tharpe ce a gaba, Tina Turner na biye, kuma Taiwo da Kehinde Lijadu suna ciki ba da alfarma ba.

Ina da roƙo. Garin nan yana da gidan tarihi tun 1952, yana da jami'a, da cibiyar koyar da aikin fim ta ƙasa, da kwalejin talabijin ta NTA, da gidan rediyo da talabijin na jiha. Kayan aiki ba su yi mana ƙaranci ba. A samu ɗalibin da zai yi kundin digirinsa a kan tagwayen nan, ya bi sawun shekarunsu na farko a Jos. A nemi Taiwo, wadda ta rage, a ɗauki labarinta daga bakinta. Tsofaffin kaset na matan da suka yi waƙa a Filato, da Hausa da Berom da Ngas da Tarok, a juye su a kwamfuta kafin zare ya ruɓe. Masu shirye-shiryen rediyo da ke nan kuma, ina roƙonku ku sa faifan Danger a iska cikin makon nan, ku gaya wa masu sauraro inda aka haifi masu waƙar.