Daga Kasuwar Hannayen Jari Zuwa Harkar Shaguna da Ofisoshi



An nemi in yi magana kan mutumin da ya shafe shekaru yana juya kuɗin jama'a a kasuwar hannayen jari, sannan ya yanke shawarar komawa harkar gine-ginen kasuwanci, wato shaguna da ofisoshi da sito-sito. Na amsa gayyatar ne saboda ni ma hanyar da na bi ke nan, kuma ina ganin matasa da yawa suna haramar binta ba tare da an gaya musu abin da ke gaba ba.

Mu da muka ga shekarar 2008 mun san dalilin ƙaurar. A watan Maris na shekarar, ma'aunin kasuwar hannayen jari ta Legas ya haura maki 66,000. Kafin shekara ta zagayo ya gangaro kusan 20,000. Waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari sun wayi gari da bashi, ba kaya. Tun daga nan wata magana ta zauna a bakin mutane, wai gini ba ya faɗuwa. Wannan maganar nake so mu duba da kyau.

Darajar gini tana faɗuwa, ba a dai shelanta ta ne. A kasuwar hannayen jari kullum allo yana nuna maka farashin kayanka, idan ka ga hadari ya haɗo ka sayar, kuɗinka su shigo cikin kwana biyu ko uku. Mai filaza kuwa ba shi da allo. Zai iya shekara biyar yana ganin kamar dukiyarsa tana nan yadda take, sai ranar da buƙata ta taso ya kira dillali, wata shida ba a taya ba. A Amurka, cikin Fabrairun 2007, attajiri Sam Zell ya sayar wa kamfanin Blackstone kamfaninsa na gine-ginen ofisoshi kan dala biliyan 39. Wani mai harkar gine-gine, Harry Macklowe, ya ci bashi ya karɓi dogayen benaye bakwai na New York daga cikin gine-ginen; shekara ɗaya bayan nan masu bin bashi suka karɓe su. Benayen suna tsaye, ko bulo ɗaya bai motsa ba, amma dukiyar mai su ta tafi.

Abin da za ka taho da shi daga tsohon aikinka shi ne lissafi, kuma kada ka raina shi, domin da yawa daga masu gine-gine a garuruwanmu ba sa yi. A ce ka sayi jerin shaguna kan naira miliyan 100, haya ta ba ka miliyan 8 a shekara. Cire gyara, cire albashin maigadi, cire kuɗin ƙasa da la'adar dillali, cire watannin da wani shago ya zauna a rufe. Abin da ya rage sai ka auna shi da tsadar rayuwa, wadda a ƙarshen 2024 ta haura kashi 34 cikin 100. Wanda ya saba da irin wannan awo ba za a ruɗe shi da sabon fenti ba.

Sauran ilimin kuwa da ƙafa ake nemansa. Ginin farko da na kula da shi, takardunsa sun nuna riba mai kyau. Damina ta farko na tsaya a shagon wani mai atamfa, ruwa yana ɗiga daga silin, ya jera robobi uku a ƙasa, yana janye bandir-bandir zuwa lungu. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ka zo ka gani da idonka." Da hayarsa ta ƙare ya tashi, maƙwabtansa biyu suka bi shi. Ranar na gane cewa ɗan haya shi ne jarin. Gini matattararsa ce kawai. Mutanen Kano sun ga haka a babban kantin Ado Bayero, wanda aka buɗe a 2014: da Shoprite ya rufe reshensa a farkon 2024, ƙananan shagunan da ke cin albarkacin masu zuwa sayayya wurinsa su ma sun ji a jikinsu.

Sai batun takarda, wanda ya fi komai kayar da baƙo. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Abin da kake saya izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayar da shi yana buƙatar amincewar gwamna. Rusau ɗin da aka yi a Kano cikin Yunin 2023 ya nuna cewa fili da wata gwamnati ta bayar, wata tana iya cewa ba ta yarda ba. Ga kuma gidan gado, inda magaji ɗaya ke sayarwa, tara ba su sani ba.

Don haka ina roƙon duk mai niyyar wannan ƙaura a cikinku: kada ka fara da sayen gini. Ka yi shekara guda a ƙarƙashin wanda ke karɓar haya da kula da gyara. Ka koyi bin fayil a ofisoshin filaye irin su KANGIS ko KADGIS ko AGIS da kanka, ka gaisa da mai unguwa, ka shiga ginin ana tsakiyar ruwan Agusta. Bayan nan ka fito da kuɗinka, ko na waɗanda suka amince maka.