Baƙin Tsuntsaye a Dausayin Haɗejiya da Nguru



Ni malamin harshe ne, neman sunayen tsuntsaye a Hausa shi ya kai ni bakin ruwa, har na wayi gari da kyamara a wuya. To, ga abin da na samo.

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙaurar tsuntsaye. Da ya ga shamuwa ta sauka a kan kuka, ya san damina ta kusa, sai ya shiga sharar gona. Amma ita shamuwa a cikin Afirka take kai da kawowa. Akwai waɗansu baƙin kuma, watau tsattsewa da agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen ciyawa, waɗanda ke baro Turai in sanyi ya matso, su yi rani a wurinmu, sa'an nan su juya arewa wajen watan Maris da Afrilu, lokacin da muke cikin zafin bazara.

Turawa kansu sun jima ba su san inda tsuntsayensu ke ɓuya ba, har waɗansu masanansu na dā suka ce cikin taɓo tsattsewa ke kwana har sanyi ya wuce. Sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyanta. Tana nan ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a ƙasar Denmark, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa domin a bi sawunsu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Tsuntsun da bai kai cikin tafin hannu ba zai ƙetare Sahara, tafiyar fiye da kilomita 1,500, kusan ba ci ba sha. Guzurinsa kitse ne, a fadamunmu yake tara shi, wani har nauyinsa ya kusa ninkawa kafin ya tashi. Saboda haka da fari ya afka wa yankinmu a 1968, sai aka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu ƙwarai a Ingila a 1969. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 su ma sun rage ambaliyar da ke cika dausayin, ko da yake an sa yankin tafkin Nguru cikin yarjejeniyar Ramsar a 2000.

Mai son ɗaukar hoto sai ya yi sammako, ya isa Dagona ko bakin tafkin Nguru bayan asuba, kafin rana ta yi ƙarfi, ya bar ta a bayansa, ya sa tufa mai launin ƙasa, ya zauna. Zaman shi ne aikin. Na taɓa ganin wani mai hoto ya sa yara su kori garke guda da jifa domin ya kama su a sama. Hoton ya yi kyau, ban musa ba, amma kowane tashin banza ƙone guzuri ne, kuma wanda guzurinsa ya gaza a hamada zai faɗi.

Ku kuma ɗalibai, in kun je, ku tambayi masunta sunan kowane tsuntsu da Hausa da Badanci da Barbarci, ku rubuta tare da rana da wuri. Ƙamusoshinmu sun san dinya da kirinjijiya da gauraka, amma baƙin nan da yawa har yanzu "tsuntsu" kawai muke ce musu.