Haƙƙin Kyanwa da Haƙƙin Maƙwabci

Wani bawan Allah a nan Gure ya kawo mini kuka, cewa kyanwar maƙwabcinsa ta mai da fangalin salatinsa makewayi, har ya ƙudura zuba mata guba. Na ce masa ya ji tsoron Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba, har ta mutu. To, ina ga mai kashe ta da gangan, da azumi a bakinsa?

Amma kai mai kyanwa, kada ka yi murna tukuna. A mazhabarmu ta Malikiyya, ragowar ruwan da ta sha mai tsarki ne, kashinta kuwa najasa ne, ga shi ganyen nan ɗanye ake cinsa lokacin buɗa baki. Cutar da maƙwabci haramun ce, ko da dabbarka ce ta kai cutar. Ka ƙosar da ita, ka tara mata rairayi a lungun gidanka, rairayi dai ba sayensa ake yi a Gure ba. Kai kuma mai garka, ka yi shingen ƙaya, a wanke ganye sarai kafin a ci.