Kofur na Zurgu: Abin da Kaki Ya Bar wa Gida



An ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan ranar 15 ga Janairu, watau ranar tunawa da sojojin ƙasar nan. Mun ga ya fi kyau mu bar zancen manyan hafsoshi, tun da littattafai sun riga sun ɗauke mana nauyinsu, mu ɗauko rayuwar mutum ɗaya daga Zurgu, can ƙasar Rano wajen Kibiya, wanda ya bar soja bai wuce muƙamin kofur ba. Allah ya yi masa rasuwa. Iyalinsa sun yarda mu ba da labarinsa, amma ban da sunansa.

Ba shi ne ya fara sa kaki a danginsu ba. Baffansa yana cikin samarin da aka tara lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka kai su Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan a yankin Arakan cikin 1944 da 1945. A zamanin nan Hausa ce harshen bariki, har Turawa hafsoshi sai sun koye ta. Baffan ya komo da lambobi a ƙirji da tari a huhu, ya kuma gargaɗi yaran gidan kada kowa ya bi sawunsa. Kunne ya ji, zuciya ba ta ɗauka ba.

Da Yaƙin Basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967, sojan Nijeriya duka wajen 10,000 ne. Kafin a gama sun kai wajen 250,000. Jama'a, ku tsaya ku auna wannan lissafi. Daga ina aka samo su? Daga gonaki da tashoshin mota da marinar baba irin ta ƙasar Rano. Mutuminmu ya ajiye fartanya ana tsakiyar damina, aka yi masa horon makonni kaɗan, aka miƙa masa bindiga, aka tura shi Runduna ta Biyu ƙarƙashin Kanar Murtala Muhammad. Wannan runduna ce ta ƙwato Benin cikin Satumba 1967, ita ce kuma ta yi ƙoƙarin ƙetare Kwara daga Asaba zuwa Onitsha cikin Oktoba, ta sha kashi, jiragen ruwa suka nutse da samarin da yawancinsu ba su taɓa ganin ruwa mai wannan faɗi ba. Wannan ruwa shi kaɗai marigayin yake yarda ya ba da labarinsa. In aka tambaye shi Abagana, inda aka yi musu kwanton ɓauna ranar 31 ga Maris 1968, sai ya ce a kawo buta, lokacin salla ya yi.

Akwai abin da bai kamata mu tsallake ba don muna yabon namu. A Asaba ɗin nan, cikin Oktoba 1967, sojojin tarayya sun kashe ɗaruruwan farar hula maza. Mu da muke karatun tarihi ba mu da ikon mu ƙirga waɗanda suka nutse a kogi mu mance da waɗanda suka faɗi a gaɓarsa.

An gama yaƙi ranar 15 ga Janairu 1970. Sai wani yaƙin, na neman aure. A ƙauyukanmu na lokacin, soja ɗan bariki ne, bariki kuwa ba wurin da mai mutunci zai kai 'yarsa ba ne. Gida biyu suka mayar masa da goronsa. A na uku, liman ne ya tsaya masa, ya ce wanda ya komo daga inda ya komo yana salla, ba a yi masa tambayar tarbiyya. Yarinyar da aka ba shi ba ta taɓa wuce kasuwar Rano ba, amma ta bi shi bariki bayan bariki, ta zauna ɗaki ɗaya cikin layin iyali ƙarƙashin magajiya, ta koyi zama da Tibi da Yarbawa da Angas, tana sayar da ƙosai domin albashin kofur ba ya kai ƙarshen wata. A ganinmu, in ana raba lambar girma, rabin tasa tata ce.

Bayan 1975 gwamnati ta shiga rage yawan soja, shi ma aka sallame shi. Ya yi gadi a wata masana'anta a Bompai, har tattalin arziki ya karye bayan 1986, aka fara rufe ƙofofi. Ya komo Zurgu ya ɗauki fartanyar da ya ajiye. Abu ɗaya ya kawo daga bariki wanda ya ba mutane mamaki: da aka buɗe karatun firamare kyauta a 1976, ya rantse duk ɗan da ya haifa, mace ko namiji, sai ya shiga aji. An yi ta zunɗensa ana cewa soja ya lalace. Yau babbar 'yarsa unguwarzoma ce ta asibiti, kuma jikokin masu zunɗen da dama a hannunta aka haife su.

Fansho kuwa, ku bar shi. Shekara da shekaru yana hawa mota zuwa wani ofishi domin a tabbatar yana da rai, ya kwana a barandar masallaci, a ce masa ya komo wata mai zuwa. Yanzu matarsa ce take wannan tafiya, da littafin sallamarsa ƙunshe cikin ɗankwali, ita kuwa ba ta karatun boko.

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Ƙaramin yaro cikin waɗanda suka shiga soja a 1967 yau ya haura shekara 70 da nisa. Kowane ɗayanmu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. A hutun nan kowa ya nemi ɗan mazan jiya na garinsu, ko matar da ya bari, ya durƙusa ya gaishe su, ya nemi izini, ya ɗauki abin da suka yarda su faɗa, a kawo wa Sashen Tarihi. 'Yan'uwanmu masu karatun lauya kuma su ware rana ɗaya su duba wa waɗannan iyaye mata takardunsu, su rubuta musu wasiƙun da ofisoshi suke nema. Takardar rubuta suna tana hannun sakatare a bakin ƙofa.