WA ZAI BIYA KUƊIN KOYA WA ƘANNENMU TARIHIN ZAZZAU?

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa 'yan'uwa matasa na Samaru da Sabon Gari, Zariya. Mun rubuto muku shi kamar yadda aka yi shi. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

An ce in yi magana a kan tarihi, to amma ku sani tun yanzu maganar kuɗi ce zan yi. Ina so kafin mu tashi daga nan mu san wanda zai biya kuɗin koya wa ƙannenmu 'yan firamare tarihin garin nan. Kuma koyarwar da nake nufi ita ce ta hannu, wadda yaro zai koma gida da jar ƙasa a rigarsa, uwarsa ta yi faɗa, shi kuma ya ba ta labarin abin da ya gina.

Da yawanku da ke zaune a nan kun gama firamare ba a taɓa koya muku tarihi ba, kuma ba laifinku ba ne. Wajen 2009 aka cire darasin daga firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan guntunsa cikin darasin zamantakewa. Sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin maido da shi. To madalla, an maido. Amma ku shiga aji ku gani: malami ya rubuta "Sarauniya Amina" a allo, yara sun maimaita sau uku, an kaɗa ƙararrawa. Alhali ga dutsen Kufena can yaron yana hango shi, ga ragowar ganuwa, bai taɓa taka wurin ba.

Ku mutanen Samaru, bari in fara da ku. Mu mun ɗauka tarihin Samaru ya fara ne a 1922 da Turawa suka kafa gonar gwaji, wadda ta zama cibiyar binciken aikin gona, ko kuwa a 1962 da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. To a shekarun 1970 masu binciken kayan tarihi na jami'ar sun yi tono a yammacin Samaru ɗin nan, suka tarar da wuraren narka tama da suka haura shekara dubu. Wato mutanen da suka zauna a ƙasar nan a wancan zamani sun san dutsen da ke da ƙarfe a cikinsa, sun san itacen da ke ba da gawayi mai ƙarfi, sun san yadda za su gina murhu su hura shi har ƙarfe ya fita. Yanzu ka ɗauki yaro ɗan aji biyar ka kai shi maƙera, ka ba shi zugazugi ya yi zuga na minti biyar har kafaɗarsa ta gaji, ka sa masa kashin maƙera a tafin hannu, sannan ka ce masa kakanninka sun yi wannan a nan, kuma su ba tsohon ƙarfen mota suke narkawa ba, daga dutse suke fitar da shi. Wallahi wannan yaron ba zai manta ba. Kuma in wani ya zo ya ce masa mutanensa ba su taɓa ƙera komai ba, yana da amsa.

Haka nan gini. Masallacin Juma'a na cikin Birni, Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya hau sarauta a 1834. Da ƙasa da azara ya ɗaga waɗannan bakunan gizo, ba siminti, ba rodi. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon gini, amma aikinsa na nan a ciki, kuma masana gini na ƙasashen waje sun yi rubuce-rubuce a kansa. Ɗan Sabon Gari nawa ne ya taɓa ɗaga kai ya kalle shi? Kafin ka kai yaro can, ka fara sa shi ya kwaɓa ƙasa da ciyawa da ƙafarsa, ya dunƙula tubali, ya shanya, ya dawo bayan kwanaki ya ga wanne ya tsage, magini ya gaya masa dalili. A nuna masa makuba, a gaya masa daga ɗorawa ake samunta, da ita ake shafe don ruwa kada ya ci bango. Sannan a kai shi masallacin. Wanda ya sha wahalar tubali guda ɗaya shi ne zai gane abin da yake kallo.

Ku kuma 'yan Sabon Gari, unguwarku jirgin ƙasa ne ya haife ta. Layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka yanka wa ma'aikatan jirgi da na kamfanoni filaye, aka kafa gidan gurzar auduga. Har wani ƙaramin layi aka ja daga nan zuwa Jos saboda kuza, aka rufe shi a 1957. A ba yarinya da yaro auduga su gurza da hannu, su shiɓa, wata tsohuwa ta nuna musu kaɗi da mazari, sannan a tambaye su: me ya sa Bature ya fi son ya kwashi audugar a jirgi, ya dawo mana da yadi? Su da kansu za su gano abin da ya sami masaƙanmu.

To mu zo kan kuɗi. Wani zai ce ai aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, akwai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 da ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin farko, jiha kuma sai ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Amma mafi yawan kuɗin gina azuzuwa da sayen kujeru ake yi da su, kuma kun ga yawan yaran da ke cikin aji ɗaya. Mu ci gaba da neman haƙƙinmu a can. Sai dai tsofaffin magina da maƙera da marina ba za su jira takarda ta fito daga Kaduna ba, kullum binne su muke yi. Ganuwar ma ana ta kwasar ƙasarta ana gini. Malamin firamare kuwa, kada wanda ya ce ya cire daga albashinsa, kun san halin da yake ciki.

Don haka shawarata mu kafa asusu. Kowane ɗayanmu, ɗan acaɓa ne, tela ne, ɗalibi ne, mai gyaran waya ne, ya ajiye kuɗin katin waya guda ɗaya a wata. Abin da za a kashe sananne ne: motar da za ta kai yara Kufena ko cikin Birni, abincin rana, ruwan sha, auduga da gawayi, sai kuma sallamar mai sana'a. Wannan na ƙarshe a kansa zan tsaya. Kada mu je mu tsayar da dattijo wuni guda, ya bar aikin da zai ci abinci, mu ce masa "Allah ya saka da alheri, Baba" mu tafi. A yi masa addu'ar, a kuma biya shi kamar yadda ake biyan malami, don malami ne. In ka biya shi yau, gobe shi zai aiko a tambaya yaushe yaran za su dawo, ɗansa ma da ya raina sana'ar zai fara kallonta da wani ido.

Kuɗin jama'a kuwa kun san yadda yake raba 'yan'uwa. A naɗa ma'aji daban, mai rubutu daban, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa duk ƙarshen wata. Wanda ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma ba za a buga hoton kowa a rigar yara ba. Kuma kada wanda ya kwashi 'ya'yan mutane don zumuɗi. A fara zuwa wajen hedimasta, a zauna da ƙungiyar iyaye da malamai, kowane uba ya yarda, malamin ajin kuma ya kasance yana tare da su, saboda maƙera wuta ce, marina rami ne.

Kada mu ɗebo da zafi. Aji ɗaya a Samaru, aji ɗaya a Sabon Gari, fita ɗaya a zango. A sa ta cikin rani, don tubali ba ya bushewa da damina. 'Yan'uwa da ke karanta tarihi a jami'a su za su shirya abin da za a faɗa wa yaran, su tabbatar ba tatsuniya aka haɗa musu ba. Waɗanda suka san wani magini ko maƙeri ko tsohuwa mai kaɗi a unguwarsu, su tsaya bayan an tashi su ba da sunan unguwar. Littafin asusu yana nan bakin ƙofa, ni zan fara rubuta nawa.