Gida Nawa Ya Kamata Mai Bincike Ya Tambaya?



Duk ɗalibin da ya fita bincike ƙauye, tambayar da za ta fara tsare shi ita ce: gida nawa zan shiga? In ya taƙaita, ba zai iya bambance gaskiya da dace ba. In ya yawaita, guzurinsa ya ƙare tun kafin kaka.

A ce muna son sanin yawan masu sa takin zamani a Ruwan Bago da ƙauyukan kewayenta. In aka zaɓi gida 100 ta hanyar ƙuri'a, kuskure yana iya kai kashi 10 cikin ɗari. Sai an kai gida 400 zai sauko zuwa 5. Wato ɗawainiya ta ninka huɗu, kuskure kuwa rabinsa kaɗai ya tafi.

To, ina dabara? Daga 1974 zuwa 1975, Peter Matlon na Jami'ar Cornell ta Amurka ya binciki samun manoma a Rogo da Zoza da Barbeji. Sai ya kasa gidajen biyu. 'Yan kaɗan ana kai musu ziyara a kai a kai cikin mako, domin abin da mutum kan manta da wuri, kamar aikin gona na kullum. Masu yawan kuwa sai wata-wata.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin ku nemi kuɗin mota, ku tsai da girman bambancin da kuke son ganowa. Binciken da ya gaza gano shi, komai arharsa, asara ne.